SANDAR AWON GUNGUME: TARIHIN WANI MUDU

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ya san cewa gardamar ciniki ba a kan kuɗi take farawa ba. Kafin a kai ga maganar nawa ne, sai an daidaita a kan wane mudu za a auna da shi, da kuma hannun wa zai riƙe shi. Mai saye yana son tiya mai zurfin ciki, a cika ta ta yi tozo har a tare da hannu, shi kuwa mai sayarwa so yake a shafe baki a juye. Wannan ja-in-ja ba a kasuwanninmu kaɗai ake yin ta ba. A wannan fitowa muna son mu ɗauki mai karatu zuwa dazuzzukan Amurka da Kanada na ƙarni na 19, inda aka yi irin wannan gardama a kan wata sanda da ba ta wuce tsawon sandar makiyayi ba, wadda ake auna gumaguman itace da ita kafin a kai su bakin zarto.

Dalilinmu na zaɓen wannan batu shi ne, mu marubuta mun saba neman tarihi a fadar sarakuna da fagen yaƙi, muna mantawa da cewa akwai tarihi mai yawa a cikin ƙananan kayan aiki. Sandar da za mu yi magana a kanta ta raba dukiya mai ɗimbin yawa tsakanin masu sare itace da masu injin tsaga katako, kuma rabon bai zama na adalci ba a kowane lokaci.

Auna Abin Da Bai Samu Ba Tukuna

Da farko ya kamata mu fahimci matsalar. Gungume abu ne mulmulalle, gindinsa ya fi kansa kauri, ga ɓawo, ga lanƙwasa, wani lokaci ga ruɓa a ciki. Shi kuwa mai injin tsaga ba gungume yake sayarwa ba, katako yake sayarwa, mai kusurwa huɗu, miƙaƙƙe. Tsakanin gungume da katako akwai asara iri biyu. Ta farko ita ce ɓangarorin gefe da ake zubarwa domin a fitar da kusurwa. Ta biyu ita ce cin zarto, watau abin da haƙoran zarto ke mayarwa gari a duk lokacin da suka ratsa itacen.

To, mai sare itace yana son a biya shi tun a daji, watanni kafin a tsaga gungumen. Saboda haka dole a sami hanyar da za a dubi gungume a ce katako kaza zai fita daga cikinsa. Ke nan mai awo yana ƙiyasta abin da bai samu ba tukuna, kamar wanda ya dubi damen gero ya ce zai yi mudu kaza idan an sussuka.

Ma'aunin da Amurkawa suke lissafi da shi shi ne abin da za mu kira ƙafar katako, watau guntun katako mai tsawon inci 12, faɗin inci 12, da kaurin inci 1. Da dubu-dubu ake ciniki, a ce kuɗi kaza kowace ƙafar katako 1,000. Tambayar da ke gaban kowane mai awo ita ce: ƙafar katako nawa ke kwance cikin wannan gungume?

Zaren Hoppus

Kafin Amurkawa su ƙera sandarsu, Ingilishi suna da tasu dabarar. Sukan zagaya tsakiyar gungume da zare, su ninka zaren gida 4, su ɗora a kan rula. Abin da ya bayar sai su ɗauke shi a matsayin faɗin gefe ɗaya na katako mai kusurwa huɗu. A shekarar 1736 wani ma'aikacin awo mai suna Edward Hoppus ya buga littafin jadawali da ya sauƙaƙa wannan lissafi, ta yadda ko wanda bai iya ninkawa da rabawa ba zai iya buɗe shafi ya ga amsa. Littafin ya karɓu ƙwarai, har sunan mutumin ya zama sunan ma'aunin, aka ci gaba da sake buga shi fiye da shekara 200.

Bari mu ba da misali. Gungume mai kewayen inci 72 da tsawon ƙafa 20, idan aka raba kewayen gida 4 za a sami 18. A ninka 18 sau 18, a ninka da 20, a raba da 144, sai a sami 45. Amma ainihin itacen da ke jikin wannan gungume ya ɗan haura ƙafar kubik 57, watau dunƙulen itace mai ƙafa ɗaya ta kowace fuska har sau 57. Ke nan awon Hoppus yana bayar da kimanin kashi 78 da rabi cikin 100 na itacen, sauran kuwa an bar wa mai saye a matsayin abin da zai zube wajen fitar da kusurwa. Abin lura a nan shi ne, wannan ragi bai canzawa. Babban gungume da ƙarami duk kashi ɗaya ake cire masu, kuma kowa ya san da haka. A Amurka lamarin ya sha bamban.

Doyle Da Scribner

A shekarar 1825 wani mutum mai suna Edward Doyle ya buga ɗan littafin lissafi na aljihu a garin Rochester na jihar New York. A cikinsa akwai ƙa'ida mai sauƙin gaske. A auna faɗin fuskar gungume ta ƙaramin bakinsa, ban da ɓawo. A cire inci 4 domin ɓangarorin gefe. Idan tsawon gungumen ƙafa 16 ne, sai kawai a ninka abin da ya rage da kansa. Alal misali, gungume mai faɗin inci 20, a cire 4 saura 16, a ninka 16 sau 16, ya ba da ƙafar katako 256. Ko wanda bai yi makaranta mai nisa ba zai iya yin wannan lissafi da ka, yana tsaye cikin sanyi. Sauƙin nan ya taimaka wa ƙa'idar Doyle wajen yaɗuwa.

Amma akwai lauje cikin naɗi. Cire inci 4 daga ƙaton gungume mai faɗin inci 30 ba wani abu ba ne, amma cire inci 4 daga mai faɗin inci 8 rabin faɗinsa ke nan aka kwashe. A lissafin Doyle, gungume mai inci 8 ƙafar katako 16 kawai zai bayar, alhali mai zarto da ya san aikinsa zai fitar da kusan 40 daga cikinsa. Mai inci 6 kuwa 4 kacal ake rubuta masa. Idan ya zama mai inci 4 ne, lissafin ya ce babu komai a cikinsa, sai ka ce iska mutum ya ɗauko. A ɗaya gefen kuma, idan gungume ya yi girma ƙwarai, ya haura inci 30, ƙa'idar tana ba shi fiye da abin da ke cikinsa.

A shekarar 1846 wani limamin coci mai suna J. M. Scribner ya fito da wata hanya dabam. Maimakon lissafi, sai ya zana da'irori a takarda, kowace tana wakiltar ƙaramin bakin gungume mai wani faɗi. A cikin kowace da'ira ya zana allunan katako masu kaurin inci 1, yana barin kwatan inci tsakaninsu domin cin zarto, sannan ya ƙirga abin da ya shiga. Jadawalinsa ya fi na Doyle kusa da gaskiya a ƙananan gumagumai. Sai dai shi ma yana da naƙasa, domin ya ɗauki gungume kamar bututu ne mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, bai lissafa ƙarin itacen da ke wajen gindi ba. Don haka duk yadda gungume ya ƙara tsawo, haka mai sayarwa ke ƙara asara.

Daga nan sai ƙa'idoji suka yi ta fitowa kamar tsiron damina. Kowane yanki da tasa, wani lokaci kowane babban kamfani da tasa. A California akwai ta Spaulding ta 1868, domin manyan itatuwan yammacin ƙasar. Da wani masanin lissafin gandun daji mai suna Frank Freese ya tattara su a 1973, ya tarar da ƙa'idoji fiye da 95 a Amurka da Kanada, masu ɗauke da sunaye kimanin 185. Wani abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne, a 1876 mawallafin da ya mallaki littafin Scribner ya cire jadawalin Scribner ya sa na Doyle, amma sunan Scribner yana nan a bangon littafin. Ta haka mutum biyu za su iya ƙulla ciniki a kan awon Scribner, kowannensu da abin da yake nufi.

Mai Awo A Bakin Aiki

Ba wanda zai iya yawo da littafi a hannu yana buɗe shafi a kan kowane gungume, shi ya sa aka mayar da jadawalin jikin sanda. Ana yin ta da itacen hikori mai ƙarfi da sauƙin lanƙwasa, tsawonta kamar ƙafa 3 zuwa 4, da ƙarfe a bakinta wanda ake maƙalawa a gefen gungume. A jikinta an ƙona lambobi layi-layi, layi ɗaya na gungume mai tsawon ƙafa 12, wani na 14, wani na 16, har zuwa sama. Mai awo zai ɗora sandar a ƙaramin bakin gungume, ya dubi inda ɗaya gefen ya tsaya, ya karanta lambar da ke layin tsawonsa. Lissafi ya ƙare ke nan. Ƙera irin waɗannan sanduna ya zama sana'a mai zaman kanta. Kamfanin Lufkin, wanda daga baya ya yi suna wajen tef ɗin awo, da wannan aiki ya fara a garin Cleveland a 1869, kafin ya koma Saginaw ta jihar Mishigan, cibiyar cinikin katako ta wancan zamani.

Domin mu gane nauyin da ke kan wannan sanda, sai mu dubi girman cinikin. Daga wajen 1870 har kusan ƙarshen ƙarnin, Mishigan ce kan gaba a duk Amurka wajen fitar da katako, musamman na farin itacen fayin. A shekarar 1882 kaɗai, injinan da ke bakin kogin Saginaw sun tsaga fiye da ƙafar katako miliyan 1,000. Da hunturu ake saran, domin a lokacin ne ake iya jan kaya masu nauyi a kan ƙanƙara da dawaki ko shanu. A tara gumaguman a bakin kogi, a buga wa kowanne hatimin mai shi da guduma. Idan ƙanƙara ta narke sai a tura su ruwa ya kai su gari.

A wurin tarawar nan ne mai awo yake aikinsa, da sandarsa da alli da ɗan littafinsa. Da abin da ya rubuta ake biyan ɗan kwangilar da ya sare, da shi ake biyan mai filin da aka sare itacen a ciki, da shi kuma gwamnati ke karɓar nata kason inda dajin nata ne. Bayan lambar sanda, yana da ikon rage wa gungume daraja idan ya ga ruɓa, ko tsagewa, ko lanƙwasa, kuma idonsa ne kaɗai alƙali. Sau da yawa kuwa mai saye ne ke biyan albashinsa. Hausawa sun ce baki in ya ci dole ya ji kunya. Ba mamaki zargi ya yi yawa tsakanin masu gatari da masu awo, har wasu jihohi, irin su Minnesota, suka kafa ofishin gwamnati na musamman domin awon gumagumai.

Gyara Ya Zo, Amma Ba A So

A farkon ƙarni na 20 abubuwa biyu sun canza. Na farko, zarto ya inganta. Zarto mai kama da ɗamara da ya bazu tun shekarun 1880 siriri ne, cinsa bai kai na tsohon zarto mai da'ira ba, don haka katakon da ke fita daga gungume ya ƙaru. Na biyu, manyan itatuwan da suka shekara ɗaruruwa sun ƙare a wurare da dama, aka koma saran matsakaita da ƙanana, watau daidai inda ƙa'idar Doyle ta fi tauye mai sayarwa.

A 1906 wani masanin gandun daji ɗan Kanada, Judson F. Clark, wanda ya yi aiki da gwamnatin lardin Ontariyo, ya wallafa sabuwar ƙa'ida da aka sani da suna International. Shi ya raba gungume ne gaɓa-gaɓa, kowace ƙafa 4, ya ƙara rabin inci na kauri a kowace gaɓa saboda buɗewar gindi, ya kuma raba asarar gefe da asarar zarto, kowace da lissafinta. A 1917 ya daidaita ta da zarto mai cin kwatan inci. Masana sun yarda cewa a cikin shahararrun ƙa'idojin uku ita ce ta fi kusa da abin da ke fita daga injin.

Ga yadda ukun suke a gungume mai tsawon ƙafa 16. Idan faɗinsa inci 12 ne, Doyle zai ce 64, Scribner ya ce 79, Clark ya ce 95. Idan inci 20 ne, 256 da 280 da 290. A inci 28 sai su kusan haɗuwa: 576 da 582 da 585. A inci 40 kuwa Doyle ne ke kan gaba da 1,296, Scribner 1,204, Clark 1,220. Manomin da ya kawo gumagumai 100 masu inci 12 zai ga an rubuta masa 6,400 da sandar Doyle, alhali da sandar Clark 9,500 ne. Rarar 3,100 tana nan cikin itacen, za a tsaga ta a sayar, amma kuɗinta ba zai shiga aljihunsa ba.

Wanda bai san halin kasuwa ba zai ɗauka cewa da fitowar ƙa'idar Clark an yi jana'izar ta Doyle. Ko kusa. Masu saye ba su da dalilin yar da sandar da ke kawo masu rara. Wasu ma gaba suka ƙara, suka haɗa wata ƙa'ida mai suna Doyle-Scribner, wadda ke bin Doyle har zuwa inci 28, daga nan ta koma Scribner. Mai karatu zai lura cewa a kowane gefe an zaɓi wadda ta fi bayar da kaɗan ne. Lardin Ontariyo kansa, inda Clark ya yi aiki, ya ci gaba da karɓar kuɗin dajinsa da awon Doyle har tsakiyar ƙarni na 20.

Adalci ya sa mu faɗi hujjar masu injin. Sun ce tsaga ƙaramin gungume ya fi cin lokaci da wahala idan aka kwatanta da abin da yake bayarwa, katakonsa kuma bai kai na babba kyau ba, saboda haka ragin Doyle yana biyan wannan wahala ne. Sun kuma ce inda kowa ya san halin sandar, farashi yakan tashi ya cike giɓin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma hujjar tana aiki ne idan mai sayarwa ya san abin da mai saye ya sani. Mai injin yana awo kullum, yana kuma ganin abin da ke fita daga zarto. Manomin da ke sayar da itacen gonarsa sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa lambar sanda kawai yake gani. Har yau ana ciniki da awon Doyle a sassan gabashi da kudancin Amurka, musamman a kan itatuwa masu tauri na kayan ɗaki, duk da cewa manyan masana'antu sun koma auna nauyin mota ko amfani da na'urar haske mai zana siffar gungume a kwamfuta.

Inda Labarin Ya Taɓo Mu

Sandar Doyle ba ta zama ma'aunin ƙasarmu ba, amma zaren Hoppus ya iso mu tare da Turawan mulkin mallaka, kamar yadda ya isa Indiya da Bama, inda ake lissafin itacen tik da tan mai ƙafar Hoppus 50. Daga Bama ɗin ma aka ɗauko H. N. Thompson a 1903 domin ya shugabanci aikin gandun daji a kudancin Nijeriya. Gumaguman mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, da ake turowa ta kogunan ƙasar Benin zuwa tashar Sapele domin a loda su jirgi, da wannan awo na Ingila ake lissafinsu. Garin Sapele har ya ba wani itace sunansa, wanda kafintocin duniya ke kira da shi har gobe. Daga shekarun 1970 Ingila da Nijeriya duka suka karkata ga awon mita a hukumance, amma a bakin 'yan kasuwa inci da ƙafa ba su mutu ba. Wanda ya shiga 'yan katako a Kano ko Zariya zai ji ana kiran tu-bai-fo da tu-bai-tu. Allon da ake sayarwa mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, shi ne daidai ƙafar katako 12 a lissafin Amurkawa, ko ƙafar kubik 1. Mai gini da ya taɓa sa tef a kan tu-bai-fo ya tarar bai cika ba, ya riga ya ɗanɗana abin da muke magana a kai.

Kammalawa

Abin da muka tsinta a wannan tarihi shi ne, lambobin da ke jikin sandar awo mutane ne suka zaɓe su, a wani zamani, da irin zarton zamanin da irin itatuwansa. Doyle bai zauna domin ya cuci kowa ba, a zamaninsa manyan gumagumai ake kawowa, lissafinsa kuma bai yi nisa da gaskiya a kansu ba. Zamani ne ya juya, itatuwa suka ƙanƙance, zarto ya sirance, amma aka riƙe tsohuwar sanda domin kuskurenta ya faɗa gefen masu ƙarfi. Mai awo na iya zama mutumin kirki, ya karanta lambar daidai, ya rubuta daidai, amma duk da haka a tauye mai kaya, domin tauyewar tana cikin sandar tun daga maƙera.

Muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, da su waiwayi namu ma'aunan. Ga mudu da tiya, ga kamu da taƙi da gaba, ga sikelin 'yan gyaɗa da 'yan auduga na zamanin Turawa, ga kwanon da ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Kowannensu yana da wanda ya kawo shi, da wanda ya ci ribarsa, da wanda ya yi kuka da shi. Dattawan da suka riƙe waɗannan ma'aunai da hannunsu suna raguwa kullum. Ya kamata a je a zauna da su, a tambaye su, a rubuta, tun kafin su tafi da abin da suka sani. Allah ya ba mu ikon yi.